Ramuka a Gindin Magarya

A gidanmu ba a yar da abin da aka cire daga jikin mutum. Mahaifina wanzami ne, kakana ma haka. Idan za a yi wa yaro kaciya, rami ake fara haƙawa kafin a zaro aska daga zabira. Jinin ya zuba a ciki, loɓar da aka yanke ta bi shi, a mayar da ƙasa a daddanne da dunduniya. Haka ake yi da belu, haka da jinin ƙaho. Ban taɓa tambayar dalili ba. Mutum yana da daraja, guntun jikinsa ma yana da ita, iyakar abin da na sani ke nan. Ni ban gaji askar ba saboda hannuna yana rawa, amma har na yi aure ni nake haƙa ramin.

Na zo Doha a shekarun dubu biyu da 'yan kai, na haura arba'in, na bar mata da 'ya'ya biyar a gida. Wani kamfanin shara ya ɗauke ni. Na shekara ina goge dandamali da matakala, sannan aka tura ni wani ɗakin bincike na likitoci. Ranar farko aka karanta mini takarda. Abin da ke ciki shi ne, ba a fita da komai daga ɗakin, ko da safar hannu ce da ta yage. Wanda ya yi, kamfani zai sallame shi, kafili, wato wanda ya tsaya masa ya shigo ƙasar, ya soke takardar zamansa, a sa shi a jirgi. A lokacin ban iya karatun boko ba, sai daga baya na shiga ajin manya. Na dangwala yatsa.

Wadda ta fassara mini takardar wata likita ce 'yar Zariya, ta zo ƙarin karatu, mijinta injiniya ne a wajen masu gas. Ba ta fi talatin da kaɗan ba. Tana ce mini Malam, ina ce mata Likita. Mace ce mai kirki, ba ta taɓa wuce ni ba gaisuwa, amma idan ta zauna gaban akwatin gilashin da take aiki a ciki, ko sallama ba ta amsawa sai ta gama.

Aikina wanke kwalabe, goge ƙasa, da kai jakunkunan shara masu ruwan ɗorawa cikin tukunya. Tukunyar ta ƙarfe ce, ta kai tsayin ƙirjina, tana da ƙofa mai sitiyari. Tururi ke dafa sharar a ciki kafin mota ta zo ta kai inda ake ƙonawa. Idan aka buɗe ta, warin da ke fitowa ban san da me zan kwatanta shi ba. Ka ɗauka an dafa ruɓaɓɓen nama a cikin takalmin roba. Yana shiga gemu, yana shiga hula. A motar kamfani, wanda ya zauna kusa da ni yakan juya fuska wajen taga, ni kuma ban ga laifinsa ba.

Litinin da Laraba ana ba ni wata 'yar kula mai ƙanƙara in karɓo saƙo daga asibiti. Na yi wata guda ina ɗauka ban san abin da ke ciki ba. Wata Laraba ina goge ƙasa a bayan Likita, sai ta buɗe ɗaya daga cikin 'yan kwalaben roba da na kawo, ta sa hantsaki ta zaro wani abu daga ruwa mai launin hoda. Tun kafin ta ajiye shi a faranti na gane shi. Loɓar jariri ce. Na daina goge ƙasar na tsaya ina kallo.

Da ta gama ta ga fuskata, ta yi dariya, ta ce ashe na sani. Ta ce iyayen yaran sun sa hannu sun yarda. Daga nan ta yi mini bayani a tsanake, kamar mai koya wa babban mutum alwala. Akwai wata ƙwayar cuta da ke shiga ta fata mai danshi, cikin baki, ko makogwaro, ko bakin mahaifa. Takan zauna shekaru shiru, a wasu mutanen sai ta zama ciwon daji. Ba za a gwada sabon magani a jikin mutum kai tsaye ba, ɓera kuma ba ya kamuwa da wannan ƙwayar. Don haka suke shuka 'yar fata a faranti, su sa mata cutar, sannan su zuba mata sojojin jini, wato masu tsaron jikin mutum, su ga ko za su gane ɓangaren da ya lalace su cinye shi. Ta ce mata nawa ta gani a asibiti a gida suna zuwa bayan abin ya gama da su, ba ta iya ƙirgawa.

Na gamsu da manufar. Yadda ake yi ne ya tsaya mini a wuya. Fatar ba ta tsiro a kan faranti haka kawai, sai an yi mata shimfiɗa, shimfiɗar kuma daga jijiyar jelar ɓera ake yin ta. Ruwan da ake ciyar da ita akwai ruwan jinin ɗan maraƙi a ciki, wanda aka ciro daga cikin uwarsa a mayanka. Ita da bakinta ta faɗa mini, ba tare da ta ga wani abu a ciki ba. Ɗan Musulmi, an yi masa suna, an yanka masa rago, ga guntun jikinsa kwance a kan jelar ɓera yana shan jinin mushe.

Mako uku fatocin da aka shuka suke yi a cikin wani akwati mai ɗumi kamar jikin mutum. Kowace tana zaune a kan 'yar ragar ƙarfe, ruwa a ƙasa, iska a sama. Lafiyayyun sukan yi kama da yanar da ke taruwa a saman madarar da aka tafasa. Masu cutar sukan yi kauri su kumbura, su yi tsatstsafo. Wata rana ta kira ni in leƙa ta madubin da ke girmama abu, tana murna don sojojin sun kama aiki. Na leƙa, na ga wasu ƙananan abubuwa sun yi dafifi a kan wani, kamar kiyashi a kan mataccen ƙadangare. Na ce Masha Allah, tunda shi take jira. Daga ranar na daina shan shayin madara, a garin da kowane lungu shi ake sayarwa.

Duk wannan da na haƙura. Ragowar ce ta gagare ni. Likita ba ta amfani da loɓar duka. Saman kawai take ɓarewa, sauran ta mayar cikin kwalba mai shuɗin murfi ta jefa a jakar shara. Can zai kwanta tare da safar hannu, da takardar da wani ya fyace majina, da ragowar kayan ɓera. Ni ne kuma mai ɗauka in dafa. Na yi mata magana sau ɗaya. Ta ce ita ma ta taɓa tunanin haka, amma doka ce, ƙonawa ita ce tsaro. Na ce ko za a ware su daban a nemi wuri. Tana duba agogo, ta ce, “Malam, don Allah ka bar wannan maganar.” Na bar ta.

Bayan mako biyu na fara ɗauka. Ba wahala. Kwalbar takan kasance a saman jaka, ɗakin tukunya kuma ni kaɗai ke shiga, saboda wari. In tura ta cikin safar ƙafa, in sauke wando a kai. Na san abin da na dangwala wa yatsa. Duk lokacin da zan wuce mai gadi a ƙofa nakan tuna yaran da ke cin abin da nake aikawa. Amma idan na tuna ɗayan zaɓin, in sa hannu in rufe ƙofar tukunya a kan naman yaro, sai in wuce.

Muna zaune a unguwar Farij Abdul'aziz, a wani tsohon gidan Larabawa da aka yanyanka ɗakuna, mu takwas a ɗakinmu. Bayan banɗaki akwai ɗan fili da bishiyar magarya jikin katangar da ta zube. Bayan la'asar, lokacin da kowa ke kwance ƙarƙashin na'urar sanyi, nakan wanke abin da ruwa, in naɗe shi a ƙyallen da na yago daga tsohuwar farar riga, in haƙa da ludayin ƙarfe. Ƙasar garin nan ba ƙasa ba ce, dutse ne da aka yayyafa wa rairayi. Iyakar ƙoƙarina zurfin taƙi ɗaya. Na san bai isa ba. Nakan ɗora dutse a kai in ce ya wadatar. Na yi wajen wata bakwai a haka.

Ban yi lissafin kuliyoyi ba, alhali kullum ina ganinsu. Kuliyoyin unguwar nan ba su da gida, duk ƙazuwa ta ci musu kunne, suna kwana a kwandon shara. Wata Juma'a da hantsi na fito daga wanka na tarar da mutanen ɗakinmu biyar tsaye a gindin magaryar. A ƙasa ga ƙyallaye uku an warware su da tsinke. Ɗaya babu komai a ciki, an lashe shi. Wata kyanwa mai ido ɗaya tana kan katanga tana gyara bakinta.

Babban ɗakinmu wani direban babbar mota ne daga zangon Kumasi, mai barkwanci, wanda tun da ya ji asalina yake ce mini Sarkin Aska. Ranar ma da shi ya kira ni, amma ba dariya.

“Sarkin Aska, naman waye wannan?”

Na faɗi gaskiya daga farko har ƙarshe. Yayin da nake faɗa ni kaina na ji yadda take a kunne: fata a faranti, jelar ɓera, mace likita. Wani ɗan Maraɗi ya ce shi ya san irin wannan aikin, ana yi ne don a ɗaure bakin ubangida. Wani ya ce shi ya sa warin nan ba ya barina. Direban ya ce shi bai ce na yi tsafi ba, bai kuma ce ban yi ba, amma a ƙasar nan idan 'yan sanda suka ga naman mutum a gida ba za su tambayi na wane ne ba, duk baƙar fatar da ke gidan za a kwashe. Ya ba ni zuwa ranar Litinin. In kawo wanda zai tabbatar da maganata, ko su gaya wa mai kula da gidan, su wanke kansu. Da rana na ga an ware kwanona da kofina an ajiye su a bakin ƙofa.

Mutum ɗaya ne zai iya tabbatarwa, kuma ita ce wadda ta karanta mini takardar. In na yi shiru, mai kula da gidan zai kai ƙarata, aikin ya tafi. In na faɗa mata, na kai kaina. Na kwana biyu ina juya abin, ban ga hanya ta uku ba.

Lahadi da safe na tsaya a bayanta tana ciyar da faranta, har ta rufe gilashin. Na ce ina da magana. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta cire safar hannu a hankali ta zauna. Ta tambayi guda nawa, na ce ban ƙirga ba. Ta tambayi ko na taɓa ɗaukar mai jan murfi, wato masu cutar, na ce a'a, shuɗi kawai. Ta ce shuɗin ma ba wanda ya san abin da ke jinin kowane yaro, ciwon hanta yana iya kasancewa. Sai ta tambayi da me nake taɓawa. Na ce da hannu, ai ba a wanke irin wannan da safa.

Ta kalli hannuwana. Ta toshe baki da gefen mayafinta, ta tashi ta je wajen famfo ta tsaya, ta ba ni baya. Na san wannan tsayuwar, don na sha yin ta a ɗakin nan. Ban taɓa kawowa a raina za a yi ta saboda ni ba. Da hannuwan nan nake miƙa mata kwalabe, da su na taɓa kawo mata dabino.

Da ta juyo ta ce dole ta gaya wa shugaban ɗakin binciken, ba za ta ɓoye ba. Za ta roƙar mini, za ta kuma zo gidanmu ta yi wa mutanen bayani. Amma tambayar farko da shugaban zai yi ita ce ina abin yake yanzu, kuma amsa ɗaya ce za ta iya cetona, a ce ga shi an dawo da shi.

“Za ka tono su, Malam.”

“Likita, ba a tono abin da aka binne.”

“Na sani. Kyanwa ma bai kamata ta tono ba. Ka zaɓa.”

Litinin bayan an tashi aiki ta zo da mijinta. Shi ya tsaya a bakin fili da makullin mota a hannu, yana kallon sama. Ta kawo safar hannu, da jaka mai ruwan ɗorawa, da jarkar maganin kashe ƙwayar cuta. Mutanen ɗakinmu suka fito sun sa riguna, abin da ba sa yi a zafin nan. Ta yi musu bayanin da ta taɓa yi mini, a gajarce. Direban ya tambaye ta, tsakaninta da Allah, maganar jelar ɓera gaskiya ce? Ta ce gaskiya ce. Ya ce to Hajiya, ashe Sarkin Aska ba shi ne babban boka a wajenku ba. Wasu suka yi dariya. Ita ba ta yi ba, ni ma haka.

Na durƙusa na fara ɗaga duwatsu. Tsofaffin ba su ba ni wahala ba, sun bushe sun yi baƙi kamar ɓawon tsamiya, ƙyallen ya manne da su. Na baya-bayan nan ne. Ƙyallen ya jiƙe ya yi kore, tururuwa ta yi gida a ciki, wani da na ɗaga ƙananan tsutsotsi suka zubo a kan safata. Warin ya fi na tukunya, don shi wannan ni na yi shi. Duk wata bakwai ɗin nan ina ganin na suturta su, ashe na ajiye su ne a zurfin taƙi ɗaya a bayan banɗaki, inda ruwan wanka ke malalowa. Na juya gefe na yi amai, na goge baki da kafaɗa, na ci gaba. Duk ramin da na gama, Likita ta matso ta tsiyaya magani a ciki ta ja baya.

Ludayin ya lanƙwashe. Direban ya tafi ya dawo da shebur ɗin motarsa, ya ja wuyan rigarsa ya rufe hanci, ya ce in matsa, a haka sai mu kai sallar layya. Shi ya juye sauran filin, ni ina tsincewa. Mun sami ashirin da wani abu. Likita ta tambaya ko shi ke nan. Na ce ban sani ba, na kalli katanga. Ba ta sake tambaya ba. Ta ɗaure jakar, ta sa a cikin wata, mijinta ya buɗe bayan mota.

Talata aka kira ni ofishin shugaban, wani Bature mai furfura da bai taɓa yi mini magana ba. Likita ta yi dogon jawabi da Turanci. Ya saurara yana murza goshi. Ya dube ni, ya yi tambaya guda, ta fassara: zan sake?

Na ce ba zan sake ɗauka ba, na yi alkawari, amma ba zan ce abin da ake yi da ragowar daidai ne ba. Abin da ta mayar masa da Turanci bai kai rabin tsawon nawa ba. Ban tambaye ta me ta rage ba, har yau. Ya rubuta takardar gargaɗi, ya ce a kai ni a duba jinina, ya ɗaga hannu ya ce halas, wato shi ke nan. Ba a kai maganar wajen kamfani ba. Aikina ya tsira.

Da na koma ɗakin tukunya na tarar da jakar a ƙasa, an liƙa mata takarda. Na tsaya ina kallonta, ina tunanin ko za a turo wani. Ba wanda za a turo, aikin nawa ne, shi na roƙa aka bar mini. Na ɗauka, ba ta da nauyi, rabinta rairayi ne. Na sa ta a ciki, na rufe ƙofa, na juya sitiyarin har ya ƙi motsi. Doka ta ce mai dafawa ba ya barin wurin sai allurar ma'aunin zafi ta hau ta sauka, don haka na zauna a kan bokiti ina kallonta minti arba'in. Da na buɗe, jakar ta narke ta takure. Na sa safa mai kauri na fito da ita, na kai bayan gini inda mota ke zuwa.

Na ƙara shekara uku a ɗakin. Likita ta ci gaba da gaishe ni kamar da, sai dai ta koma ajiye tire in zuba kwalaben a kai. Ranar da na dafa jakar ban iya cin komai ba. Washegari da rana yunwa ta kama ni, na ci shinkafa.